Kano Da Maƙwabtanta: Wa Ke Shan Inuwar Wa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa da asuba a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko a Bodija ta Badun, yana kallon 'yan dako suna sauke buhunan wake da dawa daga manyan motoci, idan ya tambayi direba daga ina aka taso, amsar da zai fi ji ita ce daga Kano. Direban kuwa bai yi ƙarya ba, domin a Dawanau aka yi masa lodi. To amma da za a bi sawun buhun nan har gonar da ya fito, sai a tarar wani daga ƙasar Gumel yake, wani daga Yobe, wani ma daga Damagaram ta Jamhuriyar Nijar ya ƙetaro. Sunan garin manomin ya ɓace tun a hanya. Kano ce ta yanke farashi, Kano ce ta karɓi la'ada, sunanta kuma shi ake kira a Kurmi.

Wannan ɗan misali shi ne tushen wata magana da ta daɗe tana cin mutanen karkara a tsohuwar Jihar Kano da kewayenta, watau irin ƙarfin da birni guda ya yi a kan ƙasa mai faɗi haka. Tun daga shekarar 1967 gwamnatoci ke ta yanka jihohi da ƙananan hukumomi, har aka kai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma hujjar da akan bayar kullum ita ce a kai mulki kusa da talakawa, a rage danniyar manyan birane. An kai mulkin, ko a ce an kai ofisoshinsa. Kasuwa dai ba ta bi taswirar ba.

Abin ba yau ya faro ba. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, ta zama matattarar fatake daga Borno da Agadas da Gwanja. Baturen nan na Jamus mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin a kan mutum 30,000, ya ce kuma yawan yakan ninka idan lokacin fatauci ya kama. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin Kano da ake kai wa har Tumbutu da Tarabulus. Sai dai abin da akan manta shi ne, yawancin saƙar da rinin a garuruwan karkara ake yinsu, irin su Kura, inda ake bugun baƙin rawanin da Buzaye ke so. Karkara ta saƙa, ta rina, ta buga, birni ya sayar da sunansa. Hakiman da ke riƙe da waɗannan ƙasashe su ma a cikin birni suke zaune, jakadunsu ke fita karɓo haraji, sai a farkon mulkin Turawa ne aka tilasta musu komawa gundumominsu.

Zuwan jirgin ƙasa a 1911 ya ƙara ɗaure wannan igiya. Turawa auduga suka sa rai za su samu, manoman Kano kuwa suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba. Daga 1912 gyaɗa ta yi ta kwarara zuwa bakin tasha a kan jakuna da raƙuma, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama tambarin birnin, kuma attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka yi suna a duk Afirka ta Yamma. Babu ko dala ɗaya da aka noma a cikin ganuwa. Gumin mutanen Ringim ne da Gaya da Ɗambatta da Kazaure.

Amma a yi wa zamanin da adalci. A wancan lokaci akwai abin da birni ke mayarwa, kuma ido na ganinsa. Masanan da suka yi bincike a ƙauyukan da ke kewaye da Kano a shekarun 1960, cikinsu har da Michael Mortimore, sun rubuta yadda jakuna ke shigowa birni da rani ɗauke da itace, su koma da mangalar taki daga jujin birni zuwa gonaki. Wannan taki na cikin abin da ya sa gonakin kewayen Kano suke jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, alhali mutane sun yi yawa a kansu fiye da kusan ko'ina a ƙasar Hausa. Yau da yawa daga cikin waɗancan gonaki na Ungogo da Kumbotso sun zama fulotai. Manomi ya sayar da gadonsa, ya ci kuɗin cikin 'yan shekaru, ɗansa kuma yana tuƙa a-daidaita-sahu a kan titin da aka shimfiɗa bisa gonar kakansa.

Wani masanin labarin ƙasa ɗan Amurka mai suna Mark Jefferson ya lura tun a 1939 cewa a ƙasashe da yawa birni na ɗaya yakan ninka na biyu a yawan jama'a, ya kuma fi shi nesa ba kusa ba wajen tasiri. Nijeriya a dunƙule ba ta faɗa wannan hali sosai ba, tun da tana da Ikko da Kano da Badun da Fatakwal da Abuja. Amma idan aka dubi Jihar Kano ita kaɗai, to abin ya wuce ma yadda Jefferson ya faɗa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum sama da miliyan 9, kuma kimanin miliyan 2.8 daga ciki suna cikin ƙananan hukumomi 8 ne kacal daga cikin 44, watau Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Wane gari ne na biyu a jihar? Wani zai ce Wudil, wani ya ce Bichi, wani Rano ko Gwarzo. Ko wanne aka ɗauka, bai kama ƙafar unguwa guda mai cika irin Kurna ko Rijiyar Lemo da kewayensu ba.

Ƙarfin birni a kasuwa aka fi ganinsa. Ɗan tireda daga Haɗeja ko Daura ko Azare, idan kantinsa ya yi ƙasa, kasuwar Singa zai nufa. Mai sayar da atamfa da shadda daga Maraɗi ko Damagaram, har ma daga Chadi da arewacin Kamaru, Kantin Kwari ya sani. Mai neman kayan gini ko kayan gyaran mota, Ƙofar Ruwa. Dawanau kuwa, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1980 a kan hanyar Katsina cikin ƙasar Dawakin Tofa, ita ce ke haɗiye hatsi da riɗi da zoɓo na jihohi da dama. Kasuwannin mako na karkara, irin su Maigatari da Gujungu da Ɗambatta, suna ci sosai, amma wanda ya zauna cikinsu ya lura zai ga manyan masu saye yawanci yaran dillalan Kano ne, kuma kafin a buɗe ciniki sai an buga waya an ji yadda Dawanau ta kwana.

Me ya sa manomi ba ya iya ja da wannan farashi? Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Da kaka kowa ke buƙatar kuɗi a lokaci guda, ga bashin taki, ga auren 'ya'ya, ga kuɗin makaranta, rumbu kuma ba ya kare wake daga ƙwari. Wanda ke da sito da jari da zai iya ajiye kaya wata biyar ko shida har su yi tsada, a birni yake. Bankin da zai ba shi rance shi ma a birni yake. Saboda haka ribar da ke tsakanin farashin kaka da na bazara, wadda sau da yawa ta fi abin da manomin ya samu a kan wahalarsa ta damina, a birni take sauka. Jihar Jigawa na cikin manyan masu noman riɗi da zoɓo a ƙasar nan, kuma zoɓon nan har Meziko ake kai shi, amma kaso mai yawa a Kano ake tankaɗe shi, a gyara, a zuba a buhu, sannan ya kama hanyar tashar jiragen ruwa.

Maganar Jigawa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce gwaji mafi girma da aka yi na raba ƙasa da birninta. Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, aka sa hedkwata a Dutse. Ba wanda zai ce ba a sami komai ba. Dutse da take ƙaramin gari ta sami sakatariya da gidajen ma'aikata, ta sami Jami'ar Tarayya a 2011, ta sami filin jirgin sama a zamanin Gwamna Sule Lamido, an kuma shimfiɗa hanyoyin da ko wasu tsofaffin jihohi ba su da irinsu. 'Ya'yan Haɗeja da Gumel da Birnin Kudu sun sami muƙaman da da ƙyar za su samu in da suna cikin tsohuwar jiha. To amma shekaru da dama bayan ƙirƙiro jihar, sananne ne cewa ma'aikata da yawa iyalansu na Kano, ranar Juma'a da yamma sai garin ya yi tsit. Har yau mutumin Kazaure da aka kira taro a hedkwatar jiharsa, hanyar da ya fi bi ta ratsa ta cikin Kano ne. Kamfanin da ke raba wa Jigawa da Katsina wutar lantarki, watau KEDCO, a Kano hedkwatarsa take. Wanda ciwo ya tsananta gare shi ko ƙashinsa ya karye mummunar karaya, danginsa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dala suke fara ambata. Albashin da ake biya a Dutse ƙarshen wata, kafin sati ya zagayo wani kaso nasa ya isa Kwari da Singa.

Akwai kuma wani fanni da ba a cika kawo shi cikin lissafi ba, shi ne ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992. Ta Tiga ce ke ba da ruwan noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, daga kogunansu kuma ake ɗebo ruwan da birni ke sha. Waɗannan koguna biyu, na Kano da na Challawa, su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke bi ta Wudil da Ringim ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya nufi Tafkin Chadi. Kafin a yi madatsun, ambaliyar shekara-shekara ita ce ke shayar da shinkafar fadama, ta cika tafkunan masunta, ta bar wa makiyaya ciyawar rani. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara ba yankewa kuma ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana wani wuri ya bushe, wani wuri kuma ruwa ya kwanta a gona ya ƙi tafiya. Masu binciken tattalin arziki da suka auna abin a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan nan a fadamun ƙasa ya fi wanda ake samu daga gwargwadonsa a aikin noman ranin da ke sama. Amma masuncin Nguru ba ya cikin ɗakin da aka yanke shawara. Abin da ke gangarowa daga birni kuwa ba ruwa ne kaɗai ba. Dattin masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a kogin Challawa yake ƙarewa, na cikin gari da na Bompai kuma kogin Jakara ke kwashe shi zuwa madatsar Wasai, inda manoma ke ban-ruwan kayan lambun da za su komo kasuwar 'Yankaba.

Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin yadda rikicin masarautu ke ta dawowa ba. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Rano da Gaya da Ƙaraye da wasu a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. Gwamna Abdullahi Ganduje ya kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe dokar a watan Mayu na 2024, daga baya ya mayar da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masu daraja ta biyu. Kowa ya san akwai siyasa da ramuwar gayya a cikin duk waɗannan matakai, kuma mutanen birni suna da hujjarsu idan suka ce ana yaga tarihin da ya kai shekara dubu. Sai dai murnar da aka gani a waɗancan garuruwa a 2019 ba duka ta haya ba ce. Mutumin Rano ya ga an shimfiɗa titi, an gyara asibiti, an sa fitila a garinsu saboda an yi sarki mai sanda, sai ya tambayi kansa me ya hana a yi tun da. Masu neman Jihar Tiga da masu neman Jihar Gari su ma daga wannan rijiya suke ɗiba. Abin tambaya dai shi ne, in har Jigawa mai gwamna da majalisa da kasafin kuɗinta ba ta fita daga inuwar Kano ba bayan shekara 30 da ɗoriya, fada da sandar sarauta za su fitar da Gaya?

Mazauna Kurmi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan birni mai haɗiye maƙwabtansa, don a cikin babbansu suke zaune. Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a duk jihohin Nijeriya, Ikko kuwa ta cika ta tumbatsa ta malala cikin Jihar Ogun. Mowe da Ibafo da Akute da Sango-Ota duk ƙasar Ogun ce, amma dubban mazaunansu da asuba suke fita aiki Ikko, su komo da dare. Kasuwar shanu ta Kara da ke bakin gadar Berger, wadda kowane Bahaushen Ikko ya sani, a ɓangaren Ogun take. Ruwan famfon Ikko mafi yawansa daga kogin Ogun ake jawo shi ta matatun Iju da Adiyan. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2024 daga Agbado ta Jihar Ogun yake tasowa. Gwamnatin Ogun ta daɗe tana kukan cewa mutane na kwana a ƙasarta, suna bin hanyoyinta, 'ya'yansu na makarantunta, amma harajin albashinsu Legas ake kai wa, alhali doka ta ce a biya shi inda mutum yake zaune. Wannan na cikin abin da ya sa gwamnonin jihohin biyu suka sa hannu a kan kafa hukumar haɗin gwiwa a 2021. Haka abin yake a Abuja, inda Mararaba da Masaka na Jihar Nasarawa da Suleja da Madalla na Jihar Neja suka zama ɗakin kwanan ƙananan ma'aikatan babban birni.

To amma ga inda bambancin yake, kuma a nan ne ya kamata shugabannin Arewa su tsaya su yi tunani. Da Ikko ta tumbatsa, ba mutane kaɗai ta zubar wa Ogun ba, har da masana'antu. Agbara da Ota da Shagamu cike suke da kamfanonin da fili ya yi musu tsada a Ikeja da Apapa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na shekarar 2023 sun nuna Jihar Legas ta tara wa kanta kuɗin shiga sama da Naira biliyan 815, watau kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da dukan jihohi da Abuja suka tara. Ogun kuma, wadda ake cewa an danne, abin da ta tara ya ninka na Jihar Kano fiye da sau biyu. Kano fa? A shekarun 1970 da farkon 1980 Bompai da Sharaɗa suna ta hayaƙi, ana saƙa, ana matsar man gyaɗa, ana yin alewa da kwanon ruwa da takalma. Da a ce wannan ya ɗore, da yanzu masana'antun sun malala sun kai Wudil da Kazaure da Gezawa. Sai ga karyewar darajar Naira daga 1986, ga rashin wuta, ga kayan waje masu araha da suka cika kasuwa, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kwari da aka san ta da atamfar Kano da Kaduna, yanzu yawancin kayanta daga Sin suke zuwa. Watau birnin ya ci gaba da jan amfanin gona da mutane da kuɗi daga karkara, amma abin da yake mayarwa ba aikin yi ba ne, kayan da wasu suka ƙera ne. Masana'antun shinkafa da suka yawaita a 'yan shekarun nan, wasu a kan hanyar Haɗeja da ta Zariya, wasu a cikin Jigawa, su ne suka ɗan sauya wannan hoto. Kamfanin tumatirin Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, a tsakiyar gonaki, shi ne irin abin da ake fata, amma ya yi ta tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a farashin da zai biya shi.

Ita kanta Kano tana ƙarƙashin wata inuwar. Riɗin da aka tara a Dawanau sai ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ya ga jirgin ruwa, kuma masu fito da masu inshora da manyan bankunan da ke cin ribar wannan mataki na ƙarshe a Ikko suke. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a 2023 don a rage wannan dogaro, amma teku dai ba ta matso ba. Manyan attajiran da Kano ta haifa a wannan zamani, Alhaji Aliko Ɗangote, jikan Alhaji Sanusi Ɗantata ta wajen uwa, da Alhaji Abdussamad Isyaku Rabi'u, dukansu hedkwatar kamfanoninsu a Ikko take, matatar man Ɗangote kuma a Lekki aka gina ta. Ba laifinsu ba ne, kuɗi inda tasha da kasuwa suke yake bi. Abin da Kano ke yi wa Gumel, shi Ikko ke yi wa Kano. Hausawa na yi wa giginya kirari da cewa na nesa ke shan inuwarta, kuma manomin riɗi na Maigatari shi ne zaune a gindinta cikin rana.

Wannan shi ne asalin hayaniyar da aka yi a kan harajin sayen kaya da ake kira VAT. Da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji a watan Oktoba na 2024, an nemi a raba kashi 60 cikin 100 na rabon jihohi bisa inda harajin ya fito. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna a ƙarshen watan suka ce ba su yarda ba. Tsoronsu shi ne, a tsohon tsari kamfani yakan biya harajin ne a inda hedkwatarsa take, saboda haka katin wayar da aka saya a Birnin Kudu sai a rubuta shi da sunan Legas. Ga shi kuma hatsi da ɗanyen abincin da Arewa ke nomawa ba a ɗora musu wannan haraji, don haka ba sa shiga lissafi. Mutanen Legas su ma suna da nasu ƙorafin. Sukan ce tsohuwar Jihar Kano yanzu tana da ƙananan hukumomi 71, watau 44 na Kano da 27 na Jigawa, kowacce na karɓar kasonta daga Abuja, su kuwa da aka ƙirƙiro tare a 1967 suna nan da 20. A ƙarshe dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta tsaya a kan kashi 50 a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 kuma bisa inda aka yi amfani da kayan. Arewa ta sami sauƙi. Amma gwamnonin da suka yi wannan kuka a kan Legas, ya kamata a tambaye su nawa ne daga cikin kasafinsu na ayyuka ke fita daga hedkwatar jiharsu. Gadojin sama da na ƙarƙashin ƙasa da aka jera a cikin birnin Kano tun daga 2011, da an auna kuɗinsu da abin da aka kashe wa hanyoyin da manomin Doguwa ko Sumaila ke fito da masararsa, da an ga inda zuciyar gwamnati take.

Kada kuma a ɗauka karkara za ta ji daɗi idan birni ya durƙushe. An ga misalin haka a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun. Tumatir da nama sun yi tsada a Ikko cikin 'yan kwanaki, amma a daidai wannan lokaci kwandunan tumatir suna ruɓewa a hannun manoman Kura da Kadawa, ba mai saye. Haka kuma da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, 'yan kasuwar Maraɗi da na Kwari tare suka ji a jikinsu. Matsalar ba girman Kano ba ce. Matsalar ita ce tsakanin Kano da ƙauye babu matsakaitan garuruwa masu wuta da sito da banki da asibitin kirki, waɗanda za su riƙe wani kaso na ribar da kuma wani kaso na samarin. Da akwai su, da yawa daga cikin masu tura baro a Mile 12 da masu acaba a Agege da masu gadi a Fatakwal da ba su yi nisa da gida haka ba. Yawancinsu ma sun fara gwada Kano ne, suka tarar ta cika, sannan suka hau motar Kurmi.

Babban aikin da ake sa wa rai yanzu a wannan yanki shi ne hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu na 2021. An shata ta ta bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da wani reshe kuma zuwa Dutse. Garuruwan da ke kan hanyar suna iya samun abin da Nguru da Ƙauran Namoda suka samu a zamanin da jirgi ya fara isa gare su, in har an tanadi wurin lodi da sito da wuta a tashoshinsu, ba rumfar jiran fasinja kaɗai ba. In ba a yi haka ba, jirgin zai rage wa buhun riɗi awoyin da yake yi kafin ya isa Dawanau ne kawai. Wanda ya dubi taswirar aikin zai ga reshen Dutse ba ya haɗuwa da Kazaure ko Daura kai tsaye. Shi ma, kamar layin da zai taso daga Kaduna, a Kano yake ƙarewa.